RARAR KUƊIN GWANJO: TA MAI GIDA CE KO TA HUKUMA?

Ga wani ɗan lissafi da za mu so malaman makaranta su ba yaran aji huɗu su gwada. Ana bin mutum bashin dala 15,000, ya kasa biya, aka kama gidansa aka yi gwanjonsa a kan dala 40,000. Nawa ya rage, kuma na wane ne? Ba mu tsammanin akwai yaron da zai daɗe bai ce saura dala 25,000 ba, kuma na mai gida ne. Amma a ƙasar Amurka sai da wannan lissafi ya hau kotu uku, har ya kai Kotun Ƙoli da ke Washinton, kafin a tabbatar da amsarsa a shekarar 2023. Mun ga ya kamata masu karatunmu su ji yadda aka yi, tun ba ma ma'aikatan ofis ba, waɗanda kuɗin jama'a da takardunsu ke bi ta hannunsu kullum.

Sai mu fara da bayanin harajin kansa. Harajin da ƙananan hukumomin Amurka suka dogara a kai ba na kai ba ne, irin wanda dagatai da masu unguwa suka riƙa tarawa a nan Arewa zamanin En'e. Haraji ne na gida da fili. Akan kimanta darajar gida, a yanka wa mai shi abin da zai biya kowace shekara, da shi kuwa ake gudanar da makarantu, a biya 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, a gyara hanyoyi. Bashin wannan haraji a jikin gidan yake ɗaure. Saboda haka in mutum bai biya ba, ba a damu da neman inda ya shiga ba, gidan za a riƙe. Kowace jiha daga cikin 50 ɗin nan tana da tata doka game da yadda za a riƙe shi da yadda za a sayar.

Labarin tsohuwar Minesota

Wata mace mai suna Geraldine Tyler ta sayi wani sashe mai ɗakin kwana ɗaya a cikin wani babban gida na haɗaka a birnin Miniyapolis, cikin gundumar Hennepin ta jihar Minesota, a shekarar 1999. Ta zauna ciki ita kaɗai fiye da shekara 10. A 2010, da tsufa ya kama ta, ita da danginta suka ga gara ta koma mazaunin da aka keɓe wa tsofaffi. Ta tashi, ba wanda ya ci gaba da biyan harajin gidan. Kafin shekarar 2015 harajin da ya taru ya kai wajen dala 2,300. Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Abin da ya kumbura bashin shi ne kuɗin ruwa da tara, waɗanda suka kai wajen dala 13,000. Mai karatu ya lura da wannan: tara da ruwa sun ninka asalin harajin fiye da sau biyar.

Dokar Minesota ta wancan lokaci ta ce in shekara ta wuce ba a biya ba, gunduma ta kai magana kotu, sa'an nan a ba mai gida shekara 3 ya fanshi gidansa. In wa'adin ya cika bai fansa ba, gida ya zama na jiha ɗungum, an yafe bashin, amma duk abin da aka samu wajen sayarwa ba ruwan tsohon mai gida da shi. Rarar akan raba ta tsakanin gunduma da hukumar gari da hukumar makarantu. Haka aka yi wa wannan tsohuwa. Aka sayar da sashenta dala 40,000, gunduma ta riƙe duka.

Mu da ke aikin ilmi mun san yadda makaranta ke bukatar kuɗi, ba sai an gaya mana ba. Amma ba mu ga yadda za a sayi allo da alli da guzurin tsohuwa, a ce an yi wa jama'a aiki ba.

Ta kai ƙara. Kotun tarayya ta farko ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ita ma ta goyi bayan gunduma a 2022. Wata ƙungiyar lauyoyi mai suna Pacific Legal Foundation, wadda ba ta karɓar kuɗi daga waɗanda take tsaya wa, ta ɗauki maganar zuwa Kotun Ƙoli. Hujjarsu ita ce gyara na 5 na tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana hukuma ɗaukar dukiyar mutum domin amfanin jama'a sai ta biya shi diyya daidai wa daida. Aka saurari shari'ar ran 26 ga Afrilu, 2023, aka yanke hukunci ran 25 ga Mayu. A lokacin tana da shekara 94.

Hujjojin da gunduma ta kawo ba na banza ba ne, ya kamata mu faɗe su yadda suke. Ta ce dokar jiha ce ke bayyana abin da mutum ya mallaka, dokar Minesota kuwa ba ta san wata rara ta mai gida ba, don haka ba a ɗauki kome nata ba. Ta ce wanda ya yi shekaru bai biya haraji ba, aka aika masa takardu bai amsa ba, ai ya watsar da gidan ne da kansa. Ta kuma ce takardun hukuma sun nuna mai yiwuwa akwai bashin jingina na dala 49,000 a kan gidan, da wani na dala 12,000 na ƙungiyar masu gidajen haɗakar, watau ko an mayar da rarar ba hannun tsohuwar za ta zauna ba.

Alƙalan nan 9 duka suka ƙi wannan magana, ba wanda ya saɓa. Babban Joji John Roberts ne ya rubuta hukuncin. Game da bashin jingina ya ce ko da akwai shi, ai da an ba ta rarar da ta rage bashin da ke wuyanta da ita, wannan kuwa amfani ne. Game da watsarwa ya ce rashin biyan haraji ba shi ne watsar da gida ba, gama dokar ba ta tambayar ko mutum na zaune ciki ko ba ya zaune. Ko wanda ke kwana a gidan kullum haka za a yi masa. Amma inda hukuncin ya fi ƙarfi shi ne a kan hujjar farko. Kotu ta ce jiha ba ta da ikon ta tashi rana ɗaya ta rubuta cewa abin da aka sani na mutum ne tun kaka da kakanni yanzu ba nasa ba ne, don kawai ta samu ta ɗauka ba diyya.

Don ta nuna cewa tsohon hakki ne, kotu ta koma baya ƙwarai. Ta ambaci Magna Carta, yarjejeniyar da Sarki Jon na Ingila ya amince da ita a 1215, inda aka ce in mutum ya mutu Sarki na binsa bashi, ma'aikaci ya ɗauki kaya gwargwadon bashin kaɗai, saura a bar wa masu zartar da wasiyya. Ta ambaci dokar Majalisar Ingila ta 1692 wadda ta ba da ikon sayar da kayan mai taurin haraji amma ta wajabta mayar masa da abin da ya yi saura, da dokar Amurka ta 1798 wadda ta ce a sayar da fili gwargwadon abin da zai biya harajin, ban da ƙari. Ita kanta Minesota tana da irin wannan doka tun 1859, kotun ƙolinta kuma ta tabbatar da hakkin a 1884. Sai a 1935, cikin shekarun nan na karayar arziki, ta sauya. Har wa yau, in banki ne ya sayar da gidan jingina a Minesota, doka ta tilasta a mayar wa mai gida rara. In harajin samu ne ake bin mutum aka kama kayansa, nan ma ana mayarwa. Ashe sai wajen da jiha ke cin amfani da kanta ne kurum aka manta da wannan ƙa'ida. Kotu ta lura kuma cewa jihohi 36 da Gwamnatin Tarayya duk suna mayar da rara, ba su kuwa kasa tara haraji ba.

Ba a Minesota kaɗai aka yi haka ba. A gundumar Oakland ta jihar Mishigan wani mai gidan haya ya biya harajinsa amma ya yi kuskuren lissafin ruwa, ya rage dala 8.41. Da tara da kuɗin ofis abin ya zama dala 285.81. Aka ƙwace gidan da ya saya dala 60,000 a 2011, aka yi gwanjonsa dala 24,500, gunduma ta riƙe duka. Kotun ƙolin Mishigan ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulkin jihar a watan Yuli na 2020. Ita kuwa Minesota, bayan hukuncin 2023, majalisarta ta ware dala miliyan 109 a 2024 don biyan mutanen da aka riƙe wa rara a shekarun baya.

Tsugune ba ta ƙare ba

To, wanda ya ji wannan sai ya ce shi ke nan, duk wanda aka sayar wa gida sai ya zauna a kawo masa sauran kuɗinsa har ƙofa. Ba haka ba ne, nan ne kuma muke so mai karatu ya natsu. Kotun Ƙoli ba ta ce a bi mutum da kuɗi ba. Laifin Minesota shi ne ba ta bar wata ƙofa da mutum zai bi ya nemi rararsa ba. Inda akwai ƙofa, ko da ƙarama ce, in mutum bai bi ta cikin lokaci ba, magana ta sauya.

Akwai wata tsohuwar shari'a ta 1956 da kotu ta bari a tsaye, wadda ake kira shari'ar Nelson da birnin New York. Wasu amintattu ne ke riƙe da filaye biyu, ba a biya kuɗin ruwan famfo a kansu ba. Ɗaya ana binsa dala 65, birni ya ƙwace ya sayar dala 7,000 ya riƙe duka. Ɗayan ana binsa dala 814.50, darajarsa kuwa dala 46,000, birni ya riƙe shi. Amintattun suka ce ba su taɓa ganin takardun gargaɗi ba, wai akawunsu da suka amince da shi ne ya karɓa ya ɓoye. Kotu ta ce birni ya aika takardu yadda doka ta ce, dokar birnin kuma ta ba da wajen wata 2 na biya, da ƙarin kwana 20 na neman rara, su kuwa ba su nema ba. Suka tashi ba fili ba rara. Akawu ɗaya ne ya jawo wannan hasara, da takardar da ya tura cikin aljihun tebur.

Saboda haka yau gardamar ta koma kan wa'adi da takardu. A Kalifoniya mai neman rara yana da shekara 1 daga ranar da aka yi rajistar takardar mallakar wanda ya saya. A Teksas shekara 2 ne daga ranar gwanjo, kuma kotu ake kai bukata. In wa'adi ya wuce, kuɗin yakan faɗa baitulmalin hukuma. Amma tsarin da ya fi ba mu mamaki shi ne wanda Mishigan ta kafa a watan Disamba na 2020. A can sai mutum ya cika wata takarda ta musamman, ya sa hannu gaban mai shaidar rantsuwa, ya kai wa ma'ajin gunduma kafin 1 ga Yuli na shekarar da aka ƙwace gidan, yana mai cewa yana da niyyar neman rara. Gwanjon kuwa sai bayan wannan rana ake yinsa. Watau ana so ya nemi abin da bai san ko za a samu ba. In ya tsallake wannan, sai kuma ya shigar da bukata kotu tsakanin 1 ga Fabrairu da 15 ga Mayu na shekara mai zuwa, gunduma kuma ta cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin gwanjo a matsayin ladan sayarwa. Mai karatu ya tuna su wane ne ake ƙwace wa gida saboda haraji: tsofaffi, da marasa lafiya, da waɗanda aiki ya kuɓuce musu, da magadan da ba su san ana bin gidan ubansu kome ba. A ganinmu wa'adin da aka tsara shi yadda irin waɗannan ba za su iya cika shi ba, bai yi nisa da tsohuwar dokar Minesota ba.

Ko an nema cikin lokaci, ba lalle ne duka rarar ta shiga hannun mai gida ba. Akwai jeri. Da fari a cire kuɗin da aka kashe wajen gwanjo da harajin da ake bi. Sa'an nan masu bin bashi waɗanda suka yi rajistar bashinsu a kan gidan, kowa bisa matsayinsa, galibi wanda ya riga yin rajista shi ke gaba. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne na mai gida. In banki ne ya sa aka sayar, jerin kusan ɗaya ne: kuɗin gwanjo, bashin bankin, masu jingina na biyu da na uku in akwai, sa'an nan mai gida. Kuma kada a manta kuɗin gwanjo ba ya cika kai darajar gida ba. Gidan Oakland da muka ambata bai kai rabin abin da aka saye shi ba.

Takardun da akan nema ba su da wuyar ganewa: shaidar ko kai wane ne, da takardar da ta nuna kai ne mai gidan a ranar da aka ƙwace shi, da takardar bukata mai rantsuwa. Wahala tana zuwa ne in mai gidan ya rasu. Sai magada su kawo shaidar mutuwa, su kawo hukuncin kotun gado ko wata shaidar da ta nuna su ne magada, da rabon kowa. Gidan da aka gada tun daga kaka ba a taɓa sauya sunan da ke takarda ba, magada kuwa sun warwatsu jiha jiha, kafin a haɗa kansu wa'adi ya kusa cika.

Masu kai-komo

Inda kuɗi ya kwanta ba mai shi kusa, ba a rasa masu shawagi. Jerin sunayen waɗanda ke da rara ba asiri ba ne, gundumomi da yawa suna buga shi a intanet. Sai aka samu wasu dillalai da suka mai da wannan sana'a. Su duba jerin, su nemo mutum, su ce masa akwai kuɗinsa a wani wuri amma ba za su faɗi wurin ba sai ya sa hannu zai ba su kaso. Wasu ma takardar da za su miƙa masa ta sayar da hakkinsa ce gaba ɗaya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba mu ce dukansu macuta ne ba. Wanda ya nemo magajin da ba shi da labari ya yi aiki, ya kuwa cancanci lada. Amma sau da yawa abin da suke karɓar kaso mai tsoka a kansa, mutum zai iya yi da kansa in ya je ofishin ma'aji ko na magatakardan kotu ya tambaya.

Teksas ta ɗaure wannan sana'a da igiya mai ƙarfi. Ba a sayen hakkin rara sai an kai kwana na 36 da ajiye kuɗin a kotu. Ba a yarda da cinikin da aka samo ta hanyar zuwa wa mutum ido da ido ko buga masa waya ba. Mai saye kuma sai ya biya aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da mai hakki zai samu, nan take ranar ciniki. Lauyan da ya karɓo wa mai gida rara ladansa ba zai wuce kashi 25 cikin 100 ko dala 1,000 ba, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu.

Dillalan nan suna samun kasuwa ne domin takardar hukuma ba ta isa ga mai ita. Dalili kuwa a fili yake: akan aika sanarwa zuwa adireshin gidan da aka riga aka fitar da mutum daga cikinsa. A shari'ar Jones da Flowers ta 2006, wadda ta taso daga jihar Arkansas, hukuma ta aika wasiƙa mai rajista sau biyu, ta dawo ba a karɓa ba, aka ci gaba da sayar da gidan. Kotun Ƙoli, da alƙalamin Roberts ɗin nan, ta ce in wasiƙa ta dawo, hukuma ta san saƙo bai isa ba, wajibi ne ta ƙara wani yunƙuri da hankali zai ɗauka, kamar ta sake aikawa ta gidan waya na kullum, ko ta liƙa sanarwa a ƙofar gida. Malamin ofis da ya karɓi ambulan da ya dawo ya jefa cikin fayil ya ce ya gama aikinsa, bai gama ba.

Ƙa'idar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa abin jingina ba ya zama na mai bin bashi don wa'adi ya cika, ko da an yi wannan sharaɗi tun farko. Akwai babi a kan haka cikin Muwaɗɗa. Sayarwa ake yi, a biya bashi, a mayar da saura. Dokar Ingila ta 1881 game da cinikin ƙasa da jingina, wadda kotunan Nijeriya suka gada, ita ma ta ce mai jinginar da ya sayar amana ce yake riƙe da kuɗin: ya biya bashin da ke gaban nasa, ya cire ɗawainiyar sayarwa, ya ɗauki nasa, saura ya miƙa wa mai hakki.

Don haka wanda banki ya sayar masa da gida ko shago a nan ƙasar yana da ikon ya nemi lissafi a rubuce. Ya tambayi ranar da aka sayar da kuɗin da aka sayar, da asalin bashi, da ruwan da aka ɗora da yadda aka lissafa shi, da ladan mai gwanjo da na lauya, kowanne a layinsa. Ya rubuta bukatar, ya kai da hannunsa, ya sa a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da zai riƙe, ya kuma rubuta adireshin da yake zaune yanzu, ba na gidan da aka sayar ba.